Zanen taya na nan amma gefenta ya tsattsage: a canza ko a ci gaba da hawa?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masu sani. Tayar bayan babur ɗina zanenta na nan daram, ko rabi bai ci ba, don ba na yawan hawa. Amma gefenta ya yi wasu ƙananan tsage-tsage zagaye, musamman kusa da bakin wili, har da 'yan kaɗan a cikin ramukan zanen. Wani ya ce in canza, wani ya ce ɓarnar kuɗi ce tunda ba ta suɗe ba. Iska kuma ba ta sacewa. Me kuka gani?

Ɗan Gareji: Wa alaikumus salam. Yaya, hau abinka. Taya in dai tana riƙe iska kuma zanenta bai ƙare ba, lafiyarta ƙalau. Wannan tsagewar a fatar sama kawai take.

Baba Mai Faci: Ɗana Ɗan Gareji, saurin bakin nan naka dai. Ka ga tayar? Ka taɓa ta? Baban Yara, kafin kowa ya yanke maka hukunci, je ka duba gefen tayar. Akwai wani rubutu da yakan fara da DOT, a ƙarshensa akwai lambobi 4, galibi a cikin ɗan zagaye mai tsawo. In ba ka gan su a gefe ɗaya ba, leƙa ɗaya gefen, don sau da yawa ɓangare guda ake buga su. Karanto mana. Sannan ka danna farcenka a kan robar, ka faɗa mana ko tana lotsawa ko ta yi tauri.

Baban Yara: To Baba, na gani. An rubuta 3418. Farce kuma da ƙyar yake shiga, robar ta yi tauri, har wani ƙyalli take yi.

Injiniya: Wannan lambar ita ce ranar haihuwar tayar. Lambobi 2 na farko mako ne, 2 na ƙarshe shekara. Wato an ƙera ta a mako na 34 na shekarar 2018. Tun daga shekarar 2000 ake rubuta ta da lambobi 4, kafin nan 3 ne, saboda haka duk wanda ya ga tayar da ke da lambobi 3 kacal, kada ma ya tsaya ciniki.

Roba ba ta buƙatar a hau ta kafin ta tsufa. Iskar da muke shaƙa ma tana cin ta, zafi na ƙara wa abin sauri, hasken rana na busar da ita. A cikin haɗin robar akwai sinadaran da ke kare ta daga tsagewa, kuma juyawar taya da lanƙwasuwarta ne ke turo su waje a hankali. Shi ya sa babur ɗin da ke yawan zama wuri ɗaya tayarsa kan riga ta wanda ake hawa kullum tsattsagewa. Kamfanin Michelin na cewa taya in ta kai shekara 5 ana amfani da ita, a riƙa kai ta wurin masani yana dubawa duk shekara, in ta kai 10 daga ranar ƙira a cire ta ko da zanenta sabo ne fil. Taka ta wuce 5 tuni, ga tsaga a cikin ramukan zane, ga tauri. Ni dai ba zan ɗauki iyalina a kanta ba.

Ɗan Gareji: Injiniya, ai kamfani dole ya ce a canza, shi ke sayarwa.

Baba Mai Faci: Kamfanin ne ya tsattsaga masa gefen tayar? Ka bar batun takarda, ka dubi aikin da robar ke yi. Duk nauyin babur da na mutum da na kaya, duk birki da kwana, a kan ɗan wurin da bai wuce tafin hannunka ba suke, ɗaya a tayar gaba, ɗaya a ta baya. Roba mai laushi tana shiga ƙananan ramukan kwalta ta kama. Wadda ta yi tauri a saman kwaltar take tafiya. A busasshiyar hanya ana tafiya a miƙe ba za ka gane ba. Ranar da aka yi yayyafi ka taka birki da ƙarfi, ranar za ta nuna maka shekarunta. Tsagar kuma in ta yi zurfi ruwa na bi ya kai ga zaren da ke ciki, kuma zaren nan shi ne ainihin ƙarfin taya.

Kawu Na Gardama: Ni fa ina da ja a kan wannan tsoron zane da kuke sa wa mutane. Ku kalli masu tseren babur na duniya. Tayoyinsu sumul suke, ko layi ɗaya babu, kuma su ne ke kwanciya a kwana har gwiwa na shafar ƙasa. Ashe ke nan suɗaɗɗiyar taya ta fi kama ƙasa, tunda robar da ke taɓa kwalta ta fi yawa.

Dogon Zango: Kawu ya iso, yau akwai kallo.

Injiniya: Kawu, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka gaskiya ce. A busasshiyar kwalta mai tsabta, taya marar zane ta fi kamu. Amma tasu haka aka ƙera ta, da roba mai kauri da laushi, wadda sai ta ɗau zafi sosai take aiki, har bargon lantarki suke naɗe ta da shi kafin a fara tsere. Tsere ɗaya take yi a cire ta. Kuma da zarar ruwa ya sauko sai ka ga sun koma kan tayoyi masu zane mai zurfi. Taka da ta suɗe kuwa robar kamun ce ta ƙare, saura siririn abin da ke rufe zare, wanda ya sha zafi ya huce ba adadi har ya ƙeƙashe. Ƙaramar ƙusa ma ta ishe ta.

Aikin zane shi ne ba ruwa hanyar fita daga ƙarƙashin taya. In ramukan sun cike, ruwan ba shi da wurin zuwa, sai ya shiga tsakanin roba da kwalta, babur ya hau kansa. A lokacin ko birki ko juya kai ba abin da zai amsa maka.

Kawu Na Gardama: To in da rani ne fa, ba ruwa?

Baba Mai Faci: Malam, hanya ba ta rasa jiƙaƙƙen wuri. Wani ya zubar da ruwa, wata mota ta ɗigar da mai, ga yashi a bakin kwana. Hanyar tsere share ta ake yi kafin a hau, taka wa ke share maka?

Maman Biyu: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata, ta yaya mutum zai san zane ya kai ƙarshe ba tare da ya dogara da ido kawai ba? Don ni kullum gani nake kamar da saura.

Injiniya: Hajiya, tayar da kanta tana da ma'auni. Duba kafaɗarta, inda zane ya haɗu da gefe, za ki ga ɗan alama mai kusurwa uku ko haruffan TWI, wasu kamfanonin kuma tambarinsu suke sawa ƙarami. Bi saitin alamar zuwa cikin ramin zane, za ki tarar da ɗan tudun roba a kwance a ƙasan ramin. Ranar da saman tayar ya yi daidai da tudun nan, ta gama aiki. Kada ki duba wuri ɗaya, juya wilin ki duba wurare da dama, kuma inda ya fi cinyewa shi ne hukunci.

Dokoki sun bambanta. A Birtaniya babur da ya wuce cc 50 dole zanensa ya kai milimita 1 a kashi uku cikin huɗu na faɗin tayar, zagaye. A Jamus milimita 1.6 ne. Amma wannan iyakar doka ce, kamun ruwa yana fara raguwa tun kafin a kai can. Mai yawan tafiya cikin ruwan sama gara ya canza tun tana wajen milimita 2.

Dogon Zango: Ƙari a kan wannan, ba zurfi kaɗai ake dubawa ba, har da siffa. Mu masu doguwar tafiya a miƙaƙƙiyar hanya, tayar baya tsakiyarta ke cinyewa ta baje, gefe da gefe kuma zane na nan kamar ba a taɓa ba. Tayar babur a zagaye aka yi doronta don ta kwanta a kwana sannu a hankali. In ta baje sai ka ji babur na ƙin kwanciya, ka matsa masa, sai kuma ya faɗa kwanar gaba ɗaya. Ta gaba kuma wani ci take yi tudu da kwari, in ka shafa da hannu za ka ji, kan babur ya riƙa rawa in ka rage gudu. Ƙarancin iska na kawo wannan, haka ma shokozoba da ta mutu.

Baba Mai Faci: Yawwa, ka taɓo inda nake so. Yawancin tayoyin da ake kawo mini sun mutu, iska ce ta kashe su tun kwanansu bai ƙare ba. Mutum zai zo ya danna taya da babban yatsa, ko ya sa mata ƙafa, ya ce ta yi. Yatsa ba geji ba ne. Gefen tayar babur yana da tauri, tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ido bai gani ba.

Taya in iskarta ta yi ƙasa, duk juyi sai ta lanƙwashe ta miƙe, ta lanƙwashe ta miƙe. Wannan ke haifar da zafi a cikinta, zafin ya raba roba da zare. In mai tiyub ce kuma, ka faɗa rami, bakin wili ya datse tiyub ɗin, sai ka ga huda biyu a jere. Kan babur ya yi nauyi, mai ya ƙara tafiya. Su kuma masu cika ta tam don wai ta fi gudu, sun rage wurin da ke taɓa ƙasa, tsakiya ta cinye da wuri, babur ya riƙa tsalle a kan kowane ɗan dutse, birki ya ƙi kamawa yadda ya kamata.

Ɗan Gareji: Baba, ai a jikin tayar an rubuta yawan iskar da za a ba ta. Ni shi nake bi.

Baba Mai Faci: Wa ya koya maka haka? Karanta rubutun da kyau. Abin da ke jikin taya shi ne iskar da take ɗaukar mafi girman nauyinta da ita, wato iyaka. Taya ɗaya ana sa ta a babura iri-iri, mai ƙera ta bai san wanne za ta hau ba. Wanda ya ƙera babur shi ya san nauyinsa. Lambarsa na kan sitika a murfin sarƙa ko a ƙarfen da ke riƙe wilin baya, in ta goge tana cikin littafin babur. Za ka ga ta gaba daban, ta baya daban, kuma da yawa suna ba da ta mutum ɗaya da ta goyo.

Injiniya: Kuma a auna da sanyi, kafin a hau, ko bayan babur ya huta kamar awa 3. Taya in ta yi tafiya iskarta na hawa da 'yan psi, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya, wannan ba matsala ba ce, an yi lissafi da shi. Wanda ya auna da zafi ya ga ta haura ya sassauta bawul, da safe zai tarar da ita ƙasa da ƙa'ida. Yanayi ma na taɓa ta: duk sauyin digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Selsiyos yana motsa ta da kusan psi 1. Ga masu gejin da ke nuna bar, bar 1 daidai yake da psi 14.5. Sau ɗaya a mako ya wadatar, da kuma kafin doguwar tafiya. Mai tiyub ta fi saurin rage iska, ita kam kada a wuce mako. Ka mallaki gejinka na aljihu, don na jikin injin iska yana shan wahala, ba kowanne ke faɗin gaskiya ba.

Kawu Na Gardama: Naitirojin fa? An ce in ka sa shi ka huta da awo.

Injiniya: Kawu, iskar da ke cikin tayarka yanzu kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Tsantsarsa ya ɗan fi jinkirin fita, shi ke nan. Ba ya toshe hudar ƙusa, ba ya hana awo.

Baban Yara: Na gode ƙwarai, na gamsu zan canza. Amma ga wata: an nuna mini wata ta hannu, zanenta mai zurfi, an ce kaɗan aka hau. Sannan wani ya ce in sa wadda ta fi tawa faɗi, wai ta fi zama a ƙasa. A jikin tawa an rubuta 3.00-18 da 47P.

Baba Mai Faci: Ta hannun nan, fara da lambobin nan 4 da ka koya yau. Sannan juya cikinta ka duba da fitila: faci nawa ne, a ina suke, akwai inda zare ya tashi ko wurin da ya yi baƙi yana marmashi? Wannan alamar an yi tafiya da ita ba iska. Ka kuma ƙura wa zanen ido. Akwai masu bin suɗaɗɗiyar taya da wuƙa mai zafi su sake yanka mata rami. Za ka gane ta da kaifin bakin ramin, da layin da ba ya tafiya daidai, tudun awon nan kuma babu shi, an yanke. Tayar babur ba ta da kaurin da za a yi mata haka, ramin a kan zare yake sauka. Abin da ba za ka taɓa gani ba shi ne ramin da ta faɗa a hannun mai ita na farko. Araha ba ta ado. Ni a bakina, sabuwa mai sauƙin kuɗi da aka ƙera kwanan nan ta fi tsohuwa mai babban suna.

Injiniya: Batun lambobin: 3.00 faɗinta ne da inci, 18 girman wili da inci. Wasu da milimita ake rubuta su, kamar 90/90-18, wato faɗi milimita 90, tsayin gefe kashi 90 cikin 100 na faɗin. Lamba 47 nauyin da za ta iya ɗauka ne, kilo 175. Harafin P iyakar gudu, kilomita 150 a awa. In ka ga J, 100 ne, L 120, S 180, H 210. Kada ka sauka ƙasa da abin da littafin babur ya ce, a nauyi ko a gudu. Mai yawan goyo ko kaya ya nemi mai ƙarin ƙarfi, a girman nan akwai 52P da ke ɗaukar kilo 200, sau da yawa za ka ga an rubuta 6PR a jikinta maimakon 4PR, wato alamar ƙarfin zaren cikinta. Ka tuna tayar baya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Ka haɗa naka da na wanda ka goya da kaya da rabon babur ɗin kansa, za ka ga kilo 175 ba shi da nisa.

Faɗi kuwa, wilinka yana da nasa faɗin. In ka cusa masa tayar da ta fi ƙarfinsa, bakinta zai matse, doronta ya tsuke ya yi tsini, wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙi ƙaruwa, wani lokaci ma ya ragu. Ga haɗarin ta riƙa gogar sarƙa ko ƙarfe. Tsaya a girman da aka ƙera babur da shi.

Maman Biyu: Shin dole ne in an canza ta baya a canza ta gaba? Bakanikena kullum cewa yake ta gaba ba ta cin komai.

Dogon Zango: Hajiya, ba dole ba ne a lokaci guda, ta baya takan riga ƙarewa tunda ita ke tura babur. Amma nan ne tarkon yake. Sai a canza ta baya sau biyu, ta gaba na nan tana tsufa ba wanda ya waiwaye ta. Alhali in aka taka birki nauyi gaba yake komawa, mafi yawan tsayawar a kanta take. Baya in ta zame, sau da yawa ana iya ceto babur. Gaba in ta zame a kwana, kafin ki ankara kina ƙasa. Baban Yara, kai ma duba lambar ta gabanka, ina zargin sa'ar ta bayan ce. In kuma babban babur ne, a sa su iri ɗaya daga kamfani ɗaya, kada a haɗa mai R a lambarta, wato ƙirar da ake kira radiyal, da marar R sai in haka mai ƙera babur ya tsara.

Ɗan Gareji: To Baba, tunda yau ni ake yi wa karatu, faci fa? Tubles ce, wato marar tiyub, ƙusa ta shiga, na soka mata igiyar roba daga waje, iska ta tsaya. Shi ma laifi ne?

Baba Mai Faci: Ba laifi ba ne, ɗana, in don a kai gida ne ko wurin gyara, a hankali. Inda na ƙi shi ne a mayar da shi gyaran dindindin. Ba ka ga cikin tayar ba, ba ka san ɓarnar da ƙusar ta yi wa zare ba, ko ta karkace ta yagi wani wurin. Gyaran kirki sai an cire taya, an duba ciki, an sa facin da ke da ƙafa, wanda ke toshe ramin ya kuma manne daga ciki. Shi ma sai in hudar ƙarama ce kuma a tsakiyar doro take. Gefe da kafaɗa ba a yi musu faci, don nan ne ke lanƙwasa a duk juyi, ba abin da zai zauna. In ka ga ƙulu ya kumburo a gefe, zare ne ya tsinke a ciki, wannan ba ta da magani. Kar ka ce bari in lallaɓa zuwa ƙarshen wata.

Bambancin da ya kamata kowa ya sani: tubles in ƙusa ta shige ta, ƙusar kan toshe ramin, iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Mai tiyub kuwa tana iya sacewa lokaci guda kana cikin gudu. In haka ta faru kada ka danne birki. Riƙe kai da kyau, saki mai a hankali, bar babur ya rage gudu da kansa, in za ka taɓa birki ka taɓa na wilin da ke da lafiya, sannu-sannu, har ka gangara gefe.

Kawu Na Gardama: Ni dai tiyub ɗina ba na yar da shi in bai huje ba. Sabuwar taya, tsohon tiyub, lafiya lau.

Baba Mai Faci: Malam, tsohon tiyub ya riga ya saki, ya fi yadda aka yi shi girma. Cikin sabuwar taya kuma a matse yake. Sai ya naɗe a wani wuri, naɗin ya riƙa guga har ya tsage, kuma irin wannan tsagar ba a hankali take sacewa ba. Sabuwar taya, sabon tiyub mai girmanta. A duba robar da ke rufe kawunan wayoyin wili, in ta tsinke a sake ta, a kankare tsatsa. In tubles ce a sake bawul.

Baban Yara, ranar da za a sa maka, tsaya a wurin ka sa ido. Akwai kibiya a gefen taya da ke nuna inda za ta juya, a tabbata ta bi gaba. Wasu tayoyin kibiya biyu gare su, ɗaya in a gaba za a sa, ɗaya in a baya. In akwai ɗigon fenti a gefe, yawanci wurin da ya fi rashin nauyi ne, a saita shi da bawul. Ruwan sabulu kaɗan ake shafa wa baki don ta shiga, ban da baƙin mai, ban da giris, ban da fetur, suna cin roba kuma suna sa taya ta riƙa zamewa a kan wili. A ɗan sa wa tiyub iska kafin a tura shi, don kada liba ta cije shi. Wurin zaunar da baki kada a wuce psi 40. In ta ƙi zama a sace iskar a sake shafawa, ba a ƙara mata iska ba. Akwai siririn layi zagaye da gefen taya kusa da wili, tazararsa da bakin wili ta zama ɗaya ko'ina, ta kowane ɓangare. Ɗan notin bawul na tiyub kuma kada a ɗaure shi tam a jikin wili. In an bar shi sake, ranar da taya ta fara ja da tiyub za ka ga bawul ya karkace, ka gyara tun bai tsinke ba.

Injiniya: Ƙari biyu. In babur mai gudu ne a yi wa wilin balans. In aka mayar da wilin baya kuma, a duba alamomin jan sarƙa na hagu da dama su zo daidai, in ba haka ba wilin zai tafi a karkace ya cinye sabuwar tayar ta gefe ɗaya. Tunda an riga an cire wili, a juya boris a ji ko yana ƙara ko yana wasa.

Dogon Zango: Kuma kar a fita da ita da zafin kai. Sabuwar taya fuskarta sumul take, tana da santsi har sai kwalta ta goge ta. Kamfanoni kan ce a bi ta a hankali kamar kilomita 160 na farko, ba birki mai ƙarfi, ba fizgar mai, kwana kuma a riƙa ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan har gefen ya gogu. Hannunka ma ya saba da tsohuwar da ta baje, sabuwar za ta riƙa faɗawa kwana da sauri fiye da yadda ka sani. Washegari a sake auna iska.

Maman Biyu: Man nan da ake shafa wa taya ta yi baƙi tana sheƙi fa? Yarana in sun wanke mini babur har ita suke shafawa.

Baba Mai Faci: Hajiya, hana su yau ɗin nan. A mota gefen taya ba ya taɓa ƙasa, a babur kuwa da kafaɗar ake shan kwana, kuma man yana gangarowa kan zane in wili ya juya. Ruwa da sabulu da buroshi sun isa. Wanda aka riga aka shafa a wanke shi sosai kafin ki hau. In babur zai daɗe a ajiye, a sa shi a inuwa, a ɗora shi kan babban jak na tsakiya don nauyi ya sauka daga tayar baya, a nisanta shi da inda ake walda ko inda injin lantarki ke aiki, kuma kada tayar ta zauna cikin mai da ya zube a ƙasa.

Ɗan Gareji: Baba, akwai abu ɗaya da ba ka faɗa ba, yau ni zan ƙara maka. In birkin faranti ne, bayan an mayar da wili sai an matsa birkin sau da yawa har ya yi tauri kafin a motsa babur, don wurin cire wili ana tura takalman birkin baya. Wanda bai yi haka ba, matsawar farko ba abin da zai kama.

Baba Mai Faci: Haka ne, ɗana, wannan ka faɗi daidai. Birkin ganga ma a sake saita sandarsa, don jan sarƙa na canza masa tazara. A kuma bi notin wili da sifana a karo na biyu, in mai fil ne a sa masa sabon fil.